Lissafin yawan jama'a ba ya yiwuwa sai da waiwaye

Duk sanda aka fitar da sabbin alƙaluma kan yawan mutanen duniya sai ka ga an rabu gida biyu ana ta ɗaga jijiyar wuya. Wasu su ce mun yi yawa, ƙasa ba za ta ɗauke mu ba, yunwa na nan tafe. Wasu kuma su nuna maka Koriya ta Kudu da Japan da Italiya su ce ai haihuwa ta tsaya, nan gaba ba mai kula da tsofaffi. Kuma abin mamaki duka ɓangarorin biyu alƙalumansu gaskiya ne. Ranar 15 ga Nuwamba 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mun cika biliyan 8, haka ne, kuma a 2023 matsakaicin 'ya'yan da mace ɗaya ke haifa a Koriya ta Kudu ya sauka zuwa 0.72, shi ma haka ne. Inda gizo ke saƙar shi ne kowa ya ɗauki abin da ya gani yau ya ja masa layi miƙe har shekara 50 gaba, sai ka ce jama'a ba ta taɓa canja hanya ba. Ni dai a ganina duk wanda zai yi magana kan yawan jama'a alhali bai san abin da ya faru shekara 100 ko 200 baya ba, komai kyan kwamfutarsa kuskuren da aka sha yi kafin shi zai maimaita.

Ɗauki Thomas Malthus, malamin cocin nan na Ingila da ya rubuta a 1798 cewa mutane in aka bar su ninkawa suke yi, biyu huɗu takwas, shi kuwa abinci ɗaya biyu uku yake ƙaruwa, don haka dole yunwa da annoba da yaƙi su riƙa rage mu. Yanzu mutane na yi masa dariya, amma fa mutumin bai yi ƙarya ba game da duniyar da ya sani, dubban shekaru kusan haka abin yake tafiya, in jama'a ta yi yawa ladan ƙwadago ya faɗi, talauci ya ƙaru, mutuwa ta shigo. Rashin sa'arsa shi ne ya yi rubutun daidai lokacin da wannan tsarin ke karyewa. A 1801 mutanen Ingila da Wales ba su cika miliyan 9 ba, a 1901 sun haura miliyan 32, kuma jikokin sun fi kakannin cin abinci, saboda kwal da injina da jiragen ruwa masu kawo alkama daga Amurka da Rasha, daga baya kuma ga takin zamani da Fritz Haber da Carl Bosch suka buɗe hanyar yinsa a Jamus kafin yaƙin duniya na ɗaya.

Sai kuma a shekarun 1930 tsoron ya juya. Haihuwa ta yi ƙasa sosai a Turai, a Suwidin Gunnar Myrdal da matarsa Alva suka fitar da littafi a 1934 suna kukan al'ummarsu za ta fara ƙanƙancewa, masana a Ingila suna ta lissafin yadda ƙasar za ta koma 'yan tsiraru. Ana gama yaƙin duniya na biyu kuwa sai haihuwa ta ɓarke, a Amurka kaɗai an haifi yara wajen miliyan 76 tsakanin 1946 da 1964, abin da kusan ba wanda ya hango. Tsoron ya sake juyawa, a 1968 wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Paul Ehrlich, ya ce a shekarun 1970 ɗaruruwan miliyoyin mutane za su mutu da yunwa kuma an riga an makara. Shi ma dai irin na Malthus ne ya same shi, ya yi maganar a shekarun da saurin ƙaruwar mutanen duniya ya kai ƙololuwa, kashi 2 da ɗan wani abu cikin ɗari a shekara, daga nan kuma ya fara sauka, yau bai kai kashi 1 ba. Kuma kar ka ɗauka irin wannan kuskuren a takarda yake tsayawa. Da irin wannan firgicin gwamnatin Indiya ta yi wa miliyoyin mutane aikin hana haihuwa, da yawa bisa tilas, lokacin dokar ta-ɓaci ta 1975 zuwa 1977.

To me tarihin ke nuna maka wanda alƙaluman bana ba za su nuna ba? Abu na farko dai, yawan da muka yi ba wai don mun fi mutanen da haihuwa ba ne, sun fi mu nesa ba kusa ba. Mutuwar yara ce ta ragu. A mafi yawan tarihin ɗan Adam kusan ɗaya cikin jarirai huɗu ba ya cika shekara, kuma kusan rabin yaran da aka haifa ba sa kai shekara 15, ko ina ne kuwa, gidan talaka da gidan sarauta. Sarauniya Anne ta Ingila ciki 17 ta yi, wasu suka zube, wasu aka haife su ba rai, wasu suka yi 'yan kwanaki ko watanni, wanda ya fi daɗewa a cikinsu ya rasu yana ɗan shekara 11 a 1700, 'yar sarki fa, da manyan likitocin zamaninta a tsaye a kanta. In mace ta haifi shida, uku suka rayu, cikin ukun ma wani bai yi aure ba, ka ga ai jama'a da ƙyar take motsawa. Shi ya sa sai wajen 1804 muka cika biliyan 1, biliyan na biyu sai 1927, na uku 1960, daga nan kusan duk shekara 12 zuwa 14 sai an ƙara biliyan guda. Ruwa mai tsafta ya zo, allurar rigakafi ta zo, agana da ta addabi duniya aka kawar da ita gaba ɗaya, aka sanar a 1980, yara suka daina mutuwa, iyaye kuwa suka ci gaba da haihuwa yadda suka gada na wani lokaci kafin su saki jiki cewa yaran nan fa za su rayu. Wannan tazarar da ke tsakanin saukar mutuwa da saukar haihuwa ita ce duk abin da ake kira fashewar yawan jama'a, kuma Turai ta bi ta cikinta, ita dai ta samu inda ta zuba rarar mutanenta, sama da miliyan 50 suka tsallaka teku zuwa Amurka da Ajantina da Burazil da Ostireliya tsakanin farkon ƙarni na 19 da 1930.

A nan ne ma ake yin wani kuskuren da ke ba ni haushi, ka ji mutum ya ce wai mutanen da shekara 30 kawai suke yi su mutu. A'a. In jariri ya mutu yana ɗan wata biyu, ɗan'uwansa ya yi shekara 65, matsakaicinsu 30 da 'yan kai ne, amma ba wanda ya mutu yana 30 a cikinsu. Wanda ya tsallake ƙuruciya a da yana da kyakkyawan zaton ganin furfura.

Ta yaya ma aka san waɗannan abubuwan, tunda ba a yin ƙidaya irin ta yanzu? Wannan shi ne ɓangaren da ya fi burge ni. A 1538 aka ba kowace coci a Ingila umarnin ta riƙa rubuta duk jaririn da aka yi wa baftisma, duk auren da aka ɗaura da duk gawar da aka binne, Faransa ma ta bi irin wannan hanyar. Littattafan suka yi ɗaruruwan shekaru a ajiye ba mai leƙawa sai masu neman asalin kakanninsu, har shekarun 1950 da wani Bafaranshe mai suna Louis Henry ya ce bari a haɗa su. Aikin na haƙuri ne ƙwarai. Za ka samu ranar auren wance da wane, ka buɗe musu takarda, ka koma baya ka nemo ranar haihuwarta don ka san shekarunta ranar auren, sannan ka bi shafi shafi kana tsinto 'ya'yansu, wannan an haife shi a watan kaza, bayan wata 14 ga sunansa a jerin waɗanda aka binne, bayan shekara guda an haifi wani an maida masa sunan mamacin, haka har ka zo ranar da aka binne uwar. Ka yi wa iyali ɗari biyar haka, ƙauye guda kenan. Henry da abokin aikinsa sun yi wa wani ƙauye Crulai a yankin Normandi na Faransa, aka buga a 1958, sannan a 1964 Peter Laslett da Tony Wrigley suka kafa ƙungiyar bincike a Kambirij suka yi wa Ingila.

Abin da ya fito ya rushe abubuwa da yawa da ake ɗauka tabbas ne. Ana cewa a da Turawa ma gidan gandu suke, kaka da 'ya'ya da jikoki wuri ɗaya, masana'antu ne suka wargaza su, sai ga shi matsakaicin gida a Ingila bai cika mutum biyar ba tun ƙarni na 16. Ana cewa a da yara ƙanana ake aurarwa ko ina, sai ga shi a arewa maso yammacin Turai mace kan kai 25 ko 26 kafin aure, kuma wasu da dama ba sa yi sam har su mutu, abin da John Hajnal ya bayyana a 1965. Wato jinkirin aure shi ne abin da ke riƙe yawan jama'arsu, in shekara ta yi tsanani aure ya ragu, in an samu sauƙi ya ƙaru.

Sai babbar magana, Faransa. Ka'idar da Frank Notestein da wasu suka tsara wajen 1945 cewa take ƙasa sai ta yi masana'antu, mutane sun koma birni, sannan haihuwa ke sauka. Amma manoman Faransa sun fara rage haihuwa tun ƙarshen ƙarni na 18, babu masana'antun kirki, babu ƙwayar tsarin iyali, kusan shekara 100 kafin Ingila mai injinan. Sakamakon kuwa ba ƙarami ba, Faransa da ke da mutum wajen miliyan 28 lokacin juyin juya halin 1789, ta fi kowa a yammacin Turai, da ƙyar ta kai miliyan 40 a 1900, Jamus ta wuce ta fintinkau, kuma wannan na cikin abin da ya hana janar-janar ɗinta barci kafin yaƙin duniya na ɗaya ya ɓarke a 1914. Da masana jami'ar Princeton ƙarƙashin Ansley Coale suka bi lardunan Turai ɗaya bayan ɗaya daga 1963, sai suka ga saukar haihuwa ta fi bin harshe da addini a kan arziki, a Beljiyam garuruwan masu jin Faransanci sun riga maƙwabtansu masu jin Filemish da shekaru masu yawa, ko da kuwa tafiyar ƙafa ce tsakaninsu. Kenan abin da mutane ke faɗa wa juna a kan yawan 'ya'yan da ya dace yana da ƙarfin da ba ya fitowa a lissafin kuɗin shiga.

Wannan kuma shi ke jawo kunne cewa tarihi ba duba ba ne. Wanda ya haddace labarin Turai ya ce kowa haka zai bi shi ma ya ɓata. Abin da ya ɗauki Ingila kusan ƙarni guda, wato sauka daga 'ya'ya 6 zuwa 3, Iran ta yi shi cikin shekara 10 kacal daga tsakiyar shekarun 1980, a ƙarƙashin gwamnatin malamai, da asibitocin karkara da karatun 'ya'ya mata da shirin tazarar haihuwa da gwamnati ta fara a 1989. Bangaladash ta sauko daga kusan 7 a 1970 zuwa wajen 2 tana cikin talauci. Amfanin waiwayen shi ne ya nuna maka faɗin abin da zai iya faruwa, ya kuma hana ka yarda da mai cewa wannan al'ummar kaza ba ta taɓa canjawa.

Akwai kuma wani abu da ya bambanta nazarin jama'a da sauran fannoni, wanda zai yi shekara 60 nan da 2050 an riga an haife shi, yana raye yanzu. Duk wani yaƙi ko yunwa ko doka da ta taɓa haihuwa tana barin tabo a jerin shekarun mutane, kuma tabon tafiya yake da su. Tarayyar Sobiyet ta rasa mutum wajen miliyan 27 a yaƙin duniya na biyu, ƙidayar 1959 ta nuna mata sun fi maza da sama da miliyan 20. Yaran da ba a haifa ba a 1942 zuwa 1945 su ne iyayen da babu a ƙarshen shekarun 1960, 'ya'yan da waɗannan ba su haifa ba su ne iyayen da babu a shekarun 1990, sai kuma ya haɗu da rushewar ƙasar, haihuwa a Rasha ta faɗo daga miliyan 2.5 a 1987 zuwa miliyan 1.2 a 1999, kuma waɗannan 'yan kaɗan ɗin su ne ke shekarun haihuwa yau. In ka dubi Rasha ta yanzu kawai za ka ce matasa ne ba sa so, alhali rabin labarin tun zamanin iyayen kakanninsu aka rubuta shi. Romaniya kuma akasin haka, a 1966 mai mulkin ƙasar, Ceausescu, ya haramta zubar da ciki dare ɗaya, haihuwa ta tashi daga dubu 274 zuwa kusan dubu 528 a 1967, yaran nan suka cika azuzuwa har ana karatu kashi-kashi, suka yi gogayyar neman aiki, kuma a farkon shekarun 2030 gaba ɗayansu za su isa layin fansho.

Daga nan ne ake gane dalilin da ya sa yawan jama'a ba ya tsayawa ranar da haihuwa ta sauka. Kamar tirela ce mai lodi a gangara, ko ka taka birki sai ta yi tafiya mai nisa, don 'yan matan da aka haifa lokacin da haihuwa ke sama duk sai sun girma sun haifi nasu, ko da bibbiyu ne. Japan ta sauka ƙasa da 'ya'ya biyu tun tsakiyar shekarun 1970 amma yawanta bai fara raguwa ba sai wajen 2010. Chaina ta sauka a farkon shekarun 1990, sai 2022 ta fara raguwa, da mutum dubu 850, karo na farko tun yunwar 1959 zuwa 1961. Kuma tunda an zo kan Chaina, kowa dokar ɗa ɗaya ta 1980 yake ambata, amma babbar saukar kafin dokar ta faru, daga 5.8 a 1970 zuwa wajen 2.7 a 1979. Wanda bai duba jerin shekarun ba zai ba dokar ladan aikin da ba ita ta yi ba, ya manta da ɓarnar da ta yi. Yanzu an ce a haifi biyu a 2016, an ce uku a 2021, mutane sun yi kunnen uwar shegu.

Haka manyan masifu, ba duka ake warkewa iri ɗaya ba. Annobar 1347 zuwa 1351 ta kashe tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin mutanen Turai, leburori suka yi ƙaranci har ladansu ya tashi, masu gonaki a Ingila suka sa aka yi doka a 1351 don a daskarar da albashi, ba ta yi aiki ba, kuma sai da ƙasar ta yi kusan shekara 300 kafin ta koma yawanta na da. Masanin tarihin nan Ibn Khaldun yana matashi a Tunis annobar nan ta ɗauke mahaifinsa da mahaifiyarsa da malamansa da dama, kuma da ya zauna rubuta littafinsa Muƙaddima a 1377 ya faɗa ƙarara cewa birane sun zama kufai, dauloli sun yi rauni, duniya ta canja har ana bukatar wanda zai sake rubuta halin da take ciki. Ailan kuwa mutum miliyan 8.2 ƙidayar 1841 ta samu, cutar dankali ta kawo yunwar 1845 zuwa 1852, wajen miliyan 1 suka mutu, wani miliyan ya yi hijira, hijirar ta zama jiki, har yau tsibirin gaba ɗaya bai koma wannan adadin ba. Afirka ma in ana maganar saurin ƙaruwarta sai a fara lissafi daga 1950, lokacin tana da wajen kashi 9 cikin ɗari na mutanen duniya, a ce ga shi ta ninka kasonta. To amma 1950 ai ba farkon duniya ba ne, ta zo ne bayan an loda mutum wajen miliyan 12.5 a jiragen bayi ta tekun Atlantika, ban da na Sahara da tekun Indiya, mafi yawansu samari da 'yan mata masu shekarun haihuwa, sannan ga yaƙe-yaƙen mamaya da aikin tilas. Shekarar da ka zaɓa ka fara lissafi da ita tana iya canja duk abin da jadawalinka zai faɗa.

Su kansu alƙaluman suna da nasu tarihin, don ba daga sama suka faɗo ba, wani ne ya ƙirga kuma da dalilinsa. Tsoffin ƙidayoyi don haraji da ɗibar soja ake yinsu, wanda ya san haka kuwa ai ɓoye ɗansa zai yi. A Chaina ƙidayar shekara ta 157 miladiyya ta samu mutum miliyan 56, ta shekara ta 280 ta samu miliyan 16, an yi yaƙe-yaƙe an mutu ƙwarai, amma ba miliyan 40 ne suka mutu ba, hukuma ce ta yi rauni, mutane suka gudu ko suka fake ƙarƙashin manyan masu ƙasa inda mai rajista ba ya isa. A 1937 Stalin, mai mulkin Tarayyar Sobiyet, yana jiran a ce masa mutanensa sun kai miliyan 180, ƙidaya ta ce 162, don yunwar 1932 da 1933 ta ci miliyoyi, sai aka soke sakamakon, aka kama shugabannin aikin aka harbe wasu, aka sake wata a 1939 wadda ta ba da miliyan 170. Wani lokacin ma rashin ƙidayar ne labarin. Labanan rabonta da ƙidaya tun 1932 zamanin Faransa, wadda ta nuna Kirista sun ɗan fi yawa, a kanta aka gina rabon mulki na 1943, shugaban ƙasa Kirista ɗan ɗariƙar Maroni, firaminista Sunni, kakakin majalisa Shi'a, kuma tun daga nan ba gwamnatin da ta yi ƙarfin halin sake ƙirgawa, don kowa ya san sabon adadi zai taɓa rabon kujeru. Duk kason addinai da ka gani an rubuta game da ƙasar yau ƙiyasi ne da aka ciro daga rajistar masu zaɓe da binciken ƙungiyoyi masu zaman kansu.